Yadda Ake Ɗora Windows 98 a Kan Tsohuwar Kwamfuta Har Ta Zauna Daram

Tun ranar 11 ga Yulin 2006 kamfanin Microsoft ya wanke hannunsa daga Windows 98. Ba ya fitar mata da gyara, ba ya toshe mata ƙofofin ɓarayi, kuma kamfanonin da ke ƙera kayan kwamfuta sun daɗe da daina rubuta mata direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da kowane kati ko na'ura. Duk da haka masu nemanta ba su ƙare ba. Wani wasannin ƙarshen shekarun 1990 yake son bugawa a kan injin da aka rubuta su dominsa. Wani na'urar aiki gare shi, ta awo ko ta yankan ƙarfe, wadda katinta irin na ramin ISA ne, wato tsohon ramin soka kati a cikin kwamfuta, manhajarta kuma ba ta jin yaren kowa sai na Windows 98. Wani kuwa sha'awa ce zalla.

Ɗora ta ɗin ba wani dogon aiki ba ne, bai cika wuce awa ɗaya ba. Inda mutane ke shan wuya shi ne wajen yi mata gata. Suna cika mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, su sa mata ƙaton faifan ajiya, suna ganin alheri suke yi mata, ita kuwa yawan ne ke kayar da ita. An gina ta ne a zamanin da megabait 64 na RAM ya ishi mutum alfahari. Saboda haka yawancin abin da ke tafe a nan ragewa ne, da tattara kaya wuri ɗaya kafin a fara.

Ka nemi bugu na biyu, wato Second Edition, wanda ya fito a 1999. Ya fi na farko na 1998 iya sha'ani da USB, kuma yawancin direbobin da za ka samu shi suke nufi. A takarda, furosesa 486 mai gudun megahaz 66 ma za ta ɗauke ta, amma inda take sakewa shi ne kan Pentium II, Pentium III, ko AMD K6-2 da Athlon na farko-farko.

Kafin ka jona mata wuta

Kwamfutar da ta shekara ashirin a ajiye, ba a fara ta da danna maɓalli. Buɗe murfin, ka kakkaɓe ƙura, ka ƙare wa madabod kallo, wato babban allon da komai ke manne a jikinsa.

Fara da batirin da ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin allon wadda ke tayar da kwamfuta. A allunan zamanin Pentium II zuwa sama, CR2032 ne mai faɗin kwabo, cire shi kawai za ka yi ka sa sabo. A allunan 386 da 486 akan samu wani mai siffar 'yar ganga da aka liƙa da dalma. Wannan in ya tsufa yoyo yake yi, ruwansa ya cinye layukan tagulla na allon. In ka ga kore-kore ko farin gari a gefensa, a cire shi nan take a wanke wurin. Akwai kuma allunan da batirinsu ke binne cikin wani baƙin akwati mai suna Dallas DS12887, wanda sai dai a sauya akwatin gaba ɗaya ko a fasa gefensa a jona masa batir daga waje.

Sai kafasitoci, wato 'yan gangunan da ke tsaye a kan allon suna riƙe wuta. Allunan da aka ƙera daga wajajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna wajen kumburin kafasita. Kan lafiyayya a shafe yake. Wadda kanta ya tasa ko ta fitar da wani abu ruwan ƙasa ta gama yawo. Allo mai irin wannan yakan tashi, har ya fara karɓar Windows, sannan ya riƙa daskarewa ba dalili, kai kuma ka yi ta zargin manhaja.

Akwatin wuta yana da tarkuna uku. Na ɗaya, da yawa daga cikin tsofaffin suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Ka tabbata yana kan wanda ya dace da wutar da kake amfani da ita, don kuskure a nan ƙara ɗaya ce da hayaƙi. Na biyu, in allon irin AT ne mai fulogi biyu, P8 da P9, baƙaƙen wayoyin su ne ke haɗuwa a tsakiya. Na uku, wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 fulogin wutarsu kamarsa ɗaya da na ATX amma jerin wayoyin daban ne, in ka sa musu akwatin wuta na gama-gari za ka iya ƙona allon. Kada ka buɗe cikin akwatin wuta, kada kuma ka buɗe tsohon sikirin mai ƙaton baya. Dukansu suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare su daga soket.

RAM: a tsaya a 256

Megabait 128 zuwa 256 ya ishi duk abin da aka rubuta wa Windows 98. Da zarar an haura 512, wani sashe nata mai suna vcache, wanda ke ajiye fayilolin da aka karanta kwanan nan, yakan mamaye adireshin da sauran sassa ke bukata. Sai ka ga abin mamaki: kwamfuta cike da RAM tana kukan RAM ya ƙare, ko ta ƙi buɗe tagar DOS, tsohon tsarin da ake rubuta wa umarni. In aka zarce gigabait ɗaya kuwa, sau da yawa ko tashi ba ta yi.

Magani mafi sauƙi shi ne ka zare sandunan da suka yi yawa kafin ka fara. In dole ne su zauna, wataƙila saboda akwai wata babbar manhajar a kan injin, to bayan kashin farko na ɗorawa ka shiga DOS ka rubuta edit c:\windows\system.ini, ka ƙara waɗannan layuka, kowanne ƙarƙashin sashensa:

[386Enh]
MaxPhysPage=20000

[vcache]
MaxFileCache=262144

Na farkon yana hana Windows ganin abin da ya wuce megabait 512, na biyun yana taƙaita vcache a megabait 256.

Wani abu da ke rikita masu allon Intel 440BX: in ka sa masa sandar megabait 256 mai ƙwayoyi takwas, rabinta kawai zai gani, ko ya ƙi ta sam. Mai ƙwayoyi 16 yake so, takwas a kowace fuska. Ko wace iri ka sa, ka gwada ta da manhajar gwajin RAM mai suna Memtest86 ya zagaya aƙalla sau ɗaya ba kuskure. Rubabben RAM yakan ɓoye kansa a bayan saƙon cewa an kasa kwafe wani fayil daga CD.

Faifan ajiya da iyakokinsa

Nan ne ya kamata a zauna sosai, domin iyakokin hawa-hawa ne, wasu na BIOS, wasu na Windows.

BIOS na kafin 1994 yakan tsaya a megabait 528. Na bayansa da yawa suna tsayawa a gigabait 8.4. Wasu nau'o'in Award na ƙarshen shekarun 1990 kuma daskarewa suke yi ƙiris in suka ga faifan da ya haura gigabait 32, shi ya sa faifan IDE, wato masu faffaɗar waya, da yawa ke da wata 'yar jamfa, ɗan murfin da ke haɗa fil biyu, a baya da ke sa su yi ƙaryar cewa 32 ne girmansu.

Ta ɓangaren Windows, fdisk ɗin da ya zo da ita, wato manhajar yanka faifai, yana ruɗewa a kan faifan da ya wuce gigabait 64, sai ya nuna girman da ba shi ba. Wannan mai sauƙi ne, Microsoft ta fitar da gyararren fdisk. Mai haɗarin shi ne gigabait 137. Direban faifai na Windows 98 da lambobi masu bit 28 yake ƙirga wurare. Kamar mutum ne da ƙirgarsa ta tsaya a ɗari, in ka ce ya ajiye kaya a ɗaki na ɗari da biyar sai ya kai ɗaki na biyar ya zuba a kan kayan da ke ciki. Ba gargaɗi, ba saƙo. Wata rana kawai za ka tarar fayiloli sun dagule. Kada ka ba ta wurin da ya kai wannan iyaka.

Ni a ganina tsohon faifai mai juyawa bai cancanci a dogara da shi ba, sai dai in ƙararsa kake marmari. Katin CompactFlash na gigabait 8 zuwa 32 a kan adaftar IDE ya fi. Wannan kati tun asali yaren IDE yake yi, adaftar wayoyi kawai take haɗawa. Akwai kuma adaftar katin SD, ita ma tana aiki. Babbar ribar kati ita ce kana iya zare shi ka soka a kwamfutar zamani ka zuba masa duk abin da kake so, kuma za ka ga amfanin hakan nan gaba kaɗan.

Wajen jonawa, jan layin da ke gefen faffaɗar wayar IDE yana bin fil na ɗaya. In na'ura biyu ke kan waya guda, ɗaya a sa jamfarta a Master, ɗayar a Slave. Ya fi kyau faifan ajiya ya zauna shi kaɗai a tashar farko, na'urar CD ta koma ta biyu.

Kayan da za ka tara

Kana bukatar CD na Windows 98 SE da lambarsa mai haruffa 25. Daina kula da manhaja bai mayar da ita ta kowa da kowa ba, har yanzu mallakar Microsoft ce, don haka asalin faifai da lambarsa shi ne hanya mai tsafta. Wanda DOS kawai yake bukata, FreeDOS kyauta ce kuma ana ci gaba da raya ta. In kwafe faifanka za ka yi, yi amfani da CD-R a kan gudu mafi ƙanƙanta, domin tsofaffin na'urori da yawa ba sa karanta CD-RW.

Kana bukatar filofin tayar da kwamfuta na Windows 98. Faifan CD da ke zuwa tare da sabuwar kwamfuta yawanci yana tayar da inji da kansa, wanda aka sayar a kwali kuwa yawanci ba ya yi. In filofi ya gagara, akwai na'urar Gotek da ke zama a gurbinsa tana karanta hoton filofi, wato kwafinsa a fayil ɗaya, daga filasha.

Sai direbobi: na ƙwayoyin madabod, na katin hoto, na sauti, na katin sadarwa. Karanta sunayen da ke rubuce a jikin allon da kan manyan ƙwayoyin kowane kati, ka nemo su tun yanzu. Ka warware duk wanda ke cikin zip a kwamfutar zamani, saboda Windows 98 ba ta zo da abin buɗe zip ba. Ka haɗa da 7-Zip 9.20, yana tafiya a kanta.

Saitin BIOS da yanka faifai

Kunna kwamfutar ka danna Del, ko F2, ko F10 a injinan Compaq. Gyara kwanan wata. Sa BIOS ya gano faifan da kansa, ka tabbata yana kan LBA. Jerin tashi ya fara da filofi ko CD. In akwai zaɓin kariya daga bairos a BIOS, kashe shi, don yakan tare Windows lokacin da take rubutu a farkon faifai. In allon na baya-bayan nan ne mai SATA, mayar da tashar zuwa Legacy ko Compatible. Ka yi amfani da kibod da maus masu zagayayyen fulogin PS/2, ka cire duk katin da ba dole ba, ka bar na hoto kaɗai.

Tashi daga filofi, ka zaɓi layin da ke kunna CD. Lura da harafin da ta ba na'urar CD. Filofin yana ƙirƙirar wani ɗan faifan wucin gadi a cikin RAM ya ba shi harafi, saboda haka CD yakan matsa gaba, sau da yawa ya zama E.

Rubuta fdisk. Zai tambaya ko a kunna tallafin manyan faifai. Amsa Y, wannan ne ke ba ka tsarin ajiyar fayiloli na FAT32, in ka ce N za ka maƙale a gigabait 2. Goge tsofaffin yankuna in akwai, ka ƙirƙiri Primary DOS Partition, ka tabbata an sa masa alamar Active. Fita, ka sake tayar da kwamfutar daga filofi. Wannan sake tayarwar wajibi ce. Sannan:

format c: /s

A kan tsohuwar kwamfutar ake yanka faifai da fomatin, ba a kan sabuwa ba. Tsohon BIOS yana da yadda yake lissafin faifai, kuma yankan da Windows ta zamani ta yi ba lallai ya dace da lissafinsa ba. In ka gama, cire filofi ka gwada ko za ta tashi daga C. In kati ne kuma ya tsaya yana ƙyafta ɗan layi a baƙin sikirin, koma filofi ka rubuta fdisk /mbr. Katuna da yawa suna fitowa daga masana'anta ba tare da lambar tayarwa a farkonsu ba.

Ɗorawa daga faifan kanta

Kada ka ɗora kai tsaye daga CD. Kwafe foldar WIN98 zuwa C tukuna. Mai kati ya kashe kwamfutar, ya kai katin sabuwar kwamfuta, ya zuba foldar WIN98 da wata folda ta direbobi, ya dawo da shi. Mai faifai kuma daga DOS:

md c:\win98
copy e:\win98\*.* c:\win98

Dalili biyu ne. Ya fi sauri, kuma Windows 98 tana da ɗabi'ar neman faifanta duk lokacin da ka taɓa saitin sadarwa ko ka sa sabon kati. In daga C aka ɗora ta, can za ta riƙa dubawa ba ta dame ka ba. Su direbobi kada ka kwafe su ta DOS, don zai guntule dogayen sunayen fayiloli zuwa haruffa takwas, wasu kuma ba za su ƙara aiki ba.

Tashi daga filofi, ka rubuta c: sannan cd \win98 sannan setup. Akwai 'yan ƙarin haruffa masu amfani: /ie yana tsallake yin filofin gaggawa, /is yana tsallake binciken ScanDisk, wanda ba laifi a kan faifan da aka yi wa fomatin yanzu. Daga nan tambayoyi ne masu sauƙi, suna da lamba da yankin lokaci. Bar ta a C:\WINDOWS. Cire filofi kafin ta sake tashi.

Wurin da ta fi maƙalewa shi ne lokacin da take laluben kayan da ke jikin injin. In sandar ci gaba ta tsaya cak, fitilar faifai ma ta daina ƙyaftawa na tsawon mintuna, kashe kwamfutar da maɓalli ka sake kunnawa. Ba ɓarna ba ce. Tana rubuta inda ta tsaya, in ta dawo sai ta tsallake abin da ya riƙe ta. In ta ci gaba da maƙalewa, ko aka gama amma katuna suna ta rigima a kan layukan IRQ da suke kiran furosesa da su, sake ɗorawa da setup /p i. Wannan yana hana ta amfani da ACPI, tsarin sarrafa wuta da allunan farko-farko da yawa ba su iya shi da kyau ba.

Direbobi, ɗaya bayan ɗaya

Za ta buɗe da manyan gumaka da launi 16 kacal. Haka ya kamata, direban hoto ne babu. Kada ka yi gaggawar sa shi. Na madabod ne farko: INF na Intel ga allunan Intel, 4-in-1 ga allunan VIA. A allunan VIA musamman, in ka sa direban katin hoto na AGP kafin wannan, wasanni za su riƙa faɗuwa. Bayansa DirectX, manhajar Microsoft da wasanni ke dogara da ita, sannan hoto, sannan ka kashe injin ka mayar da katin sauti, ka sa direbansa, sannan na sadarwa. Sake tayarwa bayan kowanne. Da gajiya, amma in wani abu ya lalace ka san wanda ya jawo.

DirectX 9.0c shi ne na ƙarshe da ke hawa kanta, ko da yake katin zamanin Voodoo3 ko TNT2 bai bukatar wuce 7 ko 8.1. Haka direban hoto: na ƙarshe ba shi ne mafi kyau ba. Nvidia ta rufe da 81.98, ATI da Catalyst 6.2, amma tsohon kati ya fi sauri da kwanciyar hankali a kan direban shekarar da ya fito ko wadda ta biyo baya.

In ka ga alamar tambaya ruwan ɗorawa a Device Manager kuma ba ka san ko wane kati ba ne, buɗe regedit ka shiga HKEY_LOCAL_MACHINE\Enum\PCI. Kowace na'ura tana da lambar VEN ta kamfani da lambar DEV ta samfuri. 8086 Intel ne, 10DE Nvidia, 1002 ATI, 1106 VIA, 1102 Creative, 10EC Realtek. Da lambobin biyu za ka gano sunan katin a intanet cikin minti ɗaya.

Akwai wani ɗan akwati da mutane ke mantawa. A Device Manager, buɗe Disk drives, shiga Settings na faifanka, ka sa alama a DMA. Idan babu shi furosesa ce ke dakon kowane bait da kanta, sauti ya riƙa sarƙewa duk lokacin da faifai ke aiki. Wasu adaftocin kati ba su da wayar DMA. In injin ya daskare bayan ka kunna, riƙe Ctrl ko danna F8 wajen tashi, shiga Safe Mode ka cire alamar.

Mai wasannin DOS kuma, sauti ya fi zama lafiya da katin ISA irin Sound Blaster 16. Wasannin suna duba wani layi a autoexec.bat, wanda galibi yake kama da SET BLASTER=A220 I5 D1 H5, kuma lambobin da ka ba wasa a saitinsa dole su dace da waɗannan.

Filasha, intanet da ajiyar kwafi

Windows 98 SE tana gane ramin USB amma ba ta san filasha ba, sai a Windows 2000 da Windows Me aka fara saka direba na bai-ɗaya. Masu sha'awa sun haɗa wani mai suna NUSB da ke cike wannan giɓi. Kafin ka sa shi, goge duk abin da ke ƙarƙashin USB a Device Manager, kuma ka tabbata harshen NUSB ɗin ya dace da harshen Windows ɗinka. Filashar ta zama FAT32, ba ta karanta NTFS ko exFAT, kuma fayil ɗaya ba ya kai gigabait 4.

Akwai tarin gyare-gyare da ba na Microsoft ba, akwai kuma KernelEx da ke sa wasu manhajojin Windows XP su tashi a kanta. Shawarata kada ka sa ko ɗaya sai wata matsala takamaimai ta tilasta maka. Suna sauya fayilolin cikin gida da yawa a lokaci guda, kuma tsohon wasan da ka yi duk wannan wahala dominsa yana iya zama shi ne zai fara ƙin tashi.

Intanet kuwa, bar ta. Internet Explorer 6 da Firefox 2 su ne iyakarta, kuma ba su iya sabon tsarin ɓoye bayanai da kusan kowane shafi ke bukata yau ba. Ko da shafi ya buɗe, injin da ya rasa gyaran tsaro tun 2006 ba wurin shigar da kalmar sirri ba ne. Don kai fayiloli, kati da filasha sun wadatar, ko FTP a cikin sadarwar gida da ba ta fita waje.

Da zarar komai ya zauna, kafin ka ɗora wasa ko manhaja ko ɗaya, kashe injin ka zare katin, ka ɗauki hotonsa, wato kwafinsa gaba ɗaya a fayil guda, a sabuwar kwamfuta da Win32 Disk Imager, ko dd ga mai Linux. Duk ranar da wani direba ya hargitsa ta, mayar da hoton aikin 'yan mintuna ne. Ga ƙananan matsaloli kuma Windows 98 tana ajiye kwafi biyar na rajistarta, inda take adana saitinta: riƙe Ctrl wajen tashi, zaɓi Command prompt only, rubuta scanreg /restore, ka ɗauki kwafin ranar da ta gabaci matsalar.